Yadda Muka Raba Gadon Mahaifinmu, Daga Ranar Jana'iza Zuwa Gaban Alƙali

Tun da muka kammala rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, kusan duk wanda aka yi wa rasuwa a cikin abokan aikina ko 'yan unguwarmu sai ya lallaɓo bayan an share makoki ya tambaye ni ta ina ake farawa. Babu mai yin tambayar da cikakkiyar murya. Kowa na jin nauyin a ce tun ƙasar kabari ba ta bushe ba ya fara zancen dukiya. Na san wannan nauyin domin mun ji shi a gidanmu, na kuma ga wahalar da yake jawo wa mata da marayu. Shi ya sa zan faɗi abin da muka bi daki-daki, ko wani ya samu sauƙi.

Baba ma'aikacin gwamnatin tarayya ne da ya yi ritaya, mazaunin Kano. Ya rasu ya bar mahaifiyarsa da rai, wadda muke kira Iya, da mata biyu, Hajiya mahaifiyata da Umma abokiyar zamanta, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Biyu daga cikinmu, namiji da mace a ɗakin Umma, ba su balaga ba. Akwai kuma 'ya'ya uku na babban wanmu, wanda ya riga Baba rasuwa, kuma a gidan suka tashi. Abin da ya bari gida ne ɗaya, da gona a ƙauye, da fili, da tsohuwar mota, da asusun banki biyu, da ragowar kuɗin fansho. Ba dukiya ce mai yawa ba, amma ta isa ta raba zumunta idan aka yi sake.

Aikin ya fara ne tun a ƙofar gida kafin a sallaci gawa. Baffa, ƙanen Baba, ya miƙe ya ce, "Jama'a, duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake bin sa, ga ɗansa nan, ya same shi." Ya nuna ni. Na sha jin wannan sanarwa a jana'izar wasu, amma sai ranar na ji nauyinta, domin daga wannan lokaci wuyana ta hau. Limaminmu ya tuna mana cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Da daddare gida ya cika da baƙi daga ƙauye, sai ƙanena, wanda Baba ke aika ya ciro masa kuɗi kuma ya san lambar sirrin katinsa, ya ce bari ya je ya ciro abin da za a sayi shinkafa da mai. Niyyarsa mai kyau ce. Muka tambayi Liman, sai ya ce, "'Ya'yana, daga lokacin da rai ya fita kuɗin nan sun tashi daga na babanku. Likkafani da haƙa kabari a ciki za a cire, wannan haƙƙinsa ne. Amma abincin baƙi, mai hali a cikinku ya yi da aljihunsa, domin akwai rabon yara biyu a ciki, kuma ba su kai su ce sun yarda ba." Muka ajiye katin. Maƙwabta ma ba su bar mu mun ɗora tukunya ba, kwanuka suka yi ta shigowa, kamar yadda Annabi ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar lokacin da labarin rasuwarsa ya zo. Wayar Baba kuwa na riƙe ta ina sa mata kati don kada layin ya mutu, kuma ta saƙonnin da ke shigowa ne muka tabbatar da bankunan da yake da asusu.

Bayan sadakar bakwai na fara neman takardu. A asibiti Baba ya cika, saboda haka likita ya ba da takardar da ke nuna ranar rasuwa da dalilinta. Wannan ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an kai ta ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukuma, domin ita ce dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, kuma takardarta ce banki da kamfanin fansho suka fi nema. Na je da takardar asibiti da katin ɗan ƙasa na Baba da nawa, na cike fom, aka ba ni rana na koma na karɓa. Wanda nasa ya rasu a gida kan nemi takardar mai unguwa ko dagaci, ya haɗa da rantsuwar kotu. Ban zaci takarda za ta karya mini zuciya ba, amma da na ga sunan Baba an rubuta da biro, ga ranar rasuwa a ƙasansa, sai da na nemi inuwa na zauna. A nan ne kuma matsalar suna ta ɓullo. A takardun aikinsa sunan garinsu ne a ƙarshe, kamar yadda aka yi wa yawancin 'yan makarantar zamaninsu, a banki kuwa sunan mahaifinsa ne. Sai da na je kotu na yi rantsuwar cewa mutum ɗaya ne ke da sunayen biyu. Kuɗin rantsuwar bai taka kara ya karya ba, kuma an ba ni rasit. Ku yi kwafin kowace takarda da yawa tun daga farko, ku riƙe ta asali a hannunku, ku nuna ta kawai idan an nema.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma na Baba mun same shi a rubuce. A cikin akwatinsa, ƙarƙashin manyan riguna, akwai ƙaramin littafi mai baƙin bango da aka ɗaure da roba. Shafin dama abin da ake bin sa, na hagu abin da yake bi, duk wanda aka biya ya ja masa layi ya sa kwanan wata. Akwai inda ya rubuta "mai siminti, buhu 15, na biya rabi." Akwai na mai gyaran mota. Sannan akwai wani layi da ba a soke ba, wanda ya ce "Hajiya, kuɗin adashinta, ranar da aka kwantar da Iya." Na kai mata littafin na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Haba ɗan nan, ni zan bi mamaci bashi?" Da ba don rubutun ba, har abada ba za ta faɗa ba, kuma da haƙƙinta ya narke cikin gado mun raba mun cinye ba mu sani ba. Liman ya ce mata a fara cire mata abinta a damƙa mata, in ya so bayan ya shiga hannunta ta yi sadaka da shi ga mijinta idan ta ga dama. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na karanta ta ba adadi tun ina makarantar allo, amma a shafin littafin nan na ga amfaninta da idona.

Wani dattijo kuma ya zo daga ƙauyenmu da kuɗi ƙulle a leda, ya ce na taki ne da Baba ya saya masa shekarun baya. Babu shi a littafin, babu wanda ya sani a cikinmu. Da ya yi shiru, shi ke nan. Muka ƙirga a gabansa da shaidu, na rubuta, aka sa cikin dukiyar gado. Har yau idan na tuna fuskar mutumin nan sai in ji kunyar duk wata ƙaramar amana da na taɓa ganin ana wasa da ita don babu mai gani.

Daga nan sai komai ya tsaya. Baffa ya ce a bari matan su fita takaba, wata huɗu da kwana goma, kafin a taɓa zancen rabo, kuma haka al'adar gidaje da yawa take. Babu mai iya musa wa Baffa. A cikin wannan jira bankuna sun rufe asusun tunda an sanar da su rasuwar, fanshon wata-wata ya tsaya, kuɗin makarantar yara ya zo. Muna kai cefane iya ƙarfinmu, amma Umma ba ta iya buɗe baki ta roƙi 'ya'yan mijinta komai, sai daga baya muka ji ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta biya wa yaran. Ga dukiyar 'ya'yanta a ajiye, ga ta tana sayar da abin kunnenta. Da muka je kotu alƙali ya gaya mana babu abin da ya haɗa takaba da hana rabo. Abin da ke tsayar da rabo a mazhabar Malikiyya shi ne idan ɗaya daga cikin matan tana da juna biyu, sai a jira ta haihu. Mai takaba na iya wakilta wani ya tsaya mata, kuma tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta gama. Ina girmama Baffa, kuma na san tausayi ne ya sa shi, amma a ganina wannan jiran ya fi cutar da waɗanda ake cewa ana tausaya wa.

Mun zaɓi kotu maimakon rabon gida saboda akwai marayu, kuma banki ba ya sakin kuɗin mamaci da maganar malamin unguwa komai iliminsa. Kotunan shari'ar Musulunci hawa-hawa ne, girman dukiya ne ke nuna wadda ke da hurumi, namu saboda gida da gona babbar kotun shari'a aka tura mu. Wurin magatakarda ake farawa. Na kai takardar neman rabon gado, da shaidar rasuwa, da jerin sunayen magada da dangantakar kowa da mamaci, da jerin dukiya da na basussuka. Aka buɗe fayil, na biya kuɗin shigar da ƙara, aka aika wa kowane magaji sammaci. Kalmar sammaci ta tsorata Hajiya, ta ce ita ba ta taɓa shiga kotu ba, me ta yi? Sai da na zauna na yi mata bayani cewa gayyata ce kawai, babu mai ƙarar kowa. Ku shirya wa iyayenku mata wannan tun kafin ɗan aiken kotu ya yi sallama. A harabar kotu za ku haɗu da masu cewa sun san hanya, a ba su wani abu su gaggauta. Ban ba kowa kuɗin da babu rasit ba, kuma aikinmu bai tsaya ba. Jira kam akwai shi. Za ka zo da sassafe ka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, a yi ta kiran shari'un aure da na bashi, wani lokaci sai bayan azahar a zo kanku, wani lokaci a ɗage don magaji ɗaya bai zo ba.

A zaman farko alƙali bai tambayi dukiya ba sam. Ya nemi shaidu biyu waɗanda ba magada ba, muka gabatar da maƙwabcinmu da wani abokin Baba na tun ƙuruciya. Ya tambaye su sun san marigayi, sun halarci jana'izarsa, mata nawa ya bari, akwai wadda ya saka tana cikin idda, iyayensa na raye, 'ya'ya nawa, ko sun san wani ɗa a wani gari. Ya tambayi matan ta bakin wakilansu ko akwai ciki. Ya tambaya ko marigayi ya bar wasiyya. Sannan ya karanto mana ma'anar hadisin Ummu Salama, inda Annabi ya ce shi mutum ne, ana kawo masa ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, to duk wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa yanki ne na wuta aka yanka masa. Ya ce shi da abin da ya ji zai yi hukunci, abin da aka ɓoye kuwa yana wuyan wanda ya ɓoye.

Kotu ce ta rubuta wa bankunan biyu ta nemi su faɗi abin da ke cikin asusun, ni kuma na kai wasiƙun hannu da hannu na karɓi shaidar an karɓa. Reshe ba ya yanke hukunci, sai ya tura wa sashen shari'a a hedikwata su tabbatar wasiƙar daga kotu ta fito, kuma wannan ne ke cin makonni. Wasu bankunan sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotun jiha, don haka ku fara tambayar kowane banki abin da yake karɓa kafin ku yi ta kai-kawo. Akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu, na gurbin nan na fom da ake rubuta sunan ɗan'uwa mafi kusa. Sunana Baba ya rubuta a duka bankunan, har wani ɗan'uwa ya ja ni gefe ya ce ai kuɗin nawa ne a doka. Ba haka ba ne, a doka ko a shari'a. Wanda aka rubuta a gurbin nan mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, ba shi da ko kwabo fiye da rabon da Allah ya yanka masa.

Fansho ya fi komai jinkiri. Baba yana cikin tsarin asusun ajiya da dokar fansho ta 2004 ta kawo, wadda aka sabunta a 2014. Da ya yi ritaya ya zaɓi kamfanin fanshonsa ya riƙa biyansa wata-wata daga asusunsa, don haka abin da ya rage gado ne. Wanda ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin inshora don a biya shi har ƙarshen rai, nasa daban ne, magada na samun ragowa ne idan ya rasu cikin shekara 10 na farko. Wanda kuma ya rasu yana bakin aiki, iyalansa su tambayi inshorar rai, domin doka ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi wa ma'aikaci wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma gidaje da yawa ba su san da ita ba. Kamfanin ya nemi shaidar rasuwa, da umarnin kotu mai hatimi, da hotuna, da katin shaida, da rantsuwar sunan nan, sannan ya tura wa Hukumar Fansho ta Ƙasa ta amince. Watanni muka yi muna jira. Na koyi rubuta ranar da na miƙa kowace takarda da sunan teburin da ya karɓa, domin idan ka koma bibiya wannan ake fara tambayarka.

Kafin kuɗin su iso aka fita ƙimanta kadarori. Ma'aikatan kotu suka zo da dillalan unguwa biyu da mai unguwa, suka zagaya gida ɗaki-ɗaki suka yi masa kuɗi, haka fili da mota, sannan muka ɗauki mota zuwa gona inda dagaci ya nuna iyakoki. Sufurin wannan fita da kwafin takardu da hotuna sun ci mana kusan naira 60,000, duk na rubuta, kuma kotu ta amince a cire daga dukiyar. Akwai kuma kason da kotu ke karɓa wa gwamnati bisa jimillar gadon, wanda tsofaffi ke kira ushira. Ya bambanta daga jiha zuwa jiha, ku nemi a nuna muku shi a rubuce ku karɓi rasit. Kafin a rubuta komai na cikin gida sai da aka ware kayan matan. Injin markaɗen da ke soro na Hajiya ne, da kuɗinta ta saya. Keken ɗinki da firiza da awaki biyu na Umma ne. Ba duk abin da ke gidan mamaci ne gado ba, kuma a nan ake yawan cutar mata.

Mai siminti ya zo, littafin Baba ya gaskata shi, duk da haka alƙali ya sa shi rantsuwa cewa ba a biya shi ragowar ba kuma bai yafe ba, domin wanda ake bi ba ya nan balle ya kare kansa. Wani kuma ya zo da da'awar kuɗi masu ɗan yawa, babu takarda babu shaida. Alƙali ya ce ba zai iya taɓa dukiyar da marayu ke ciki da magana kawai ba. Ba mu ƙaryata mutumin ba, Allah ne masani. Yayarmu ta ce hankalinta ba zai kwanta ba, ta biya shi wani abu daga nata rabon daga baya.

Zaman da ya fi zafi shi ne na fili. Ƙanena ya ce Baba ya ba shi, kuma gaskiya ya faɗa, a gabana Baba ya ce masa filin nan naka ne idan ka tashi aure. Alƙali ya tambaye shi, "Ka karɓa? Ka kewaye shi, ko ka zuba bulo, ko takardunsa suna hannunka?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a'a, suna akwatin Baba." Alƙali ya yi masa bayani a hankali cewa kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu ta ɓaci, ta koma cikin gado. Ba kuma za a ɗauke ta wasiyya ba, domin babu wasiyya ga magaji. Yaron ya fita idonsa jajur, ya kwana biyu ba ya cin abincin gida. Abin da ya warware shi ne da muka roƙi a sa filin cikin kasonsa bisa ƙimar da aka yi masa, kowa ya yarda, ya cika ɗan abin da ya hau. Ya samu filin, ta hanyar da babu haƙƙin kowa a ciki.

Ranar lissafi muhuti, mai taimaka wa alƙali, ya karanto jimilla, aka cire kuɗin jana'iza da basussuka da kuɗin kotu, sannan aka raba saura bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i. Don a gane, a cikin kowace naira 240,000, matan biyu suna da sumuni, ɗaya bisa takwas, wato 30,000, kowace 15,000. Iya tana da sudusi, ɗaya bisa shida, wato 40,000. Ragowar 170,000 ta 'ya'ya ce, namiji rabon mata biyu, kowace mace 17,000, kowane namiji 34,000. Babban ɗan marigayi wanmu, saurayi ɗan sakandare, yana zaune a bayana yana sauraro har aka gama bai ji sunansu ba. Alƙali ya kira shi gaba ya ce masa jika ba ya gado matuƙar mamaci ya bar ɗa namiji, kuma ba don an ƙi su ba ne. Hanyar da shari'a ta buɗe musu ita ce wasiyya, wadda kaka zai iya yi har zuwa sulusin dukiyarsa, iyakar da Annabi ya yanka wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. A Masar tun 1946 doka ta mayar da irin wannan wasiyya dole ga jikokin da iyayensu suka riga kakansu, amma a kotunanmu sai kakan ya yi ta da kansa. Baba yana son yaran nan kamar ransa, ya rubuta buhun siminti, amma wannan bai kai ga rubuta ta ba, ajali ya riga shi. Sai alƙali ya karanta aya ta 8 ta surar, wadda ta ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a kuma faɗa musu magana mai daɗi. Ya ce ba zai tilasta kowa ba, kuma ba za a taɓa rabon yara biyun ba. Mu manya kowa ya faɗi abin da ya bayar daga nasa, aka rubuta. Hajiya ta ƙara da kuɗin adashin nan gaba ɗaya.

Wani dattijo a dangi ya kawo shawarar 'yan matan su bar wa maza rabonsu na gida tunda suna ɗakin mazajensu. Alƙali ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kowace da bakinta. Yayarmu ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ina son rabona." Wasu sun ga baƙinta a ranar. Ni ban gani ba, kuma har gobe ina ganin ita ta buɗe wa ƙannenta baki. Aya ta 7 ta ce maza suna da rabo, mata suna da rabo, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Yafewar da kunya ta tatso daga bakin mace a gaban baffanninta ba yafewa ba ce, kuma wanda ya gina ɗaki a kanta ya san abin da ya gina a kai. Gidan dai ba a sayar ba. Aka zuba rabon matan biyu da na yaran a cikinsa, ni da ƙanwata ɗaya muka bar namu a ciki, aka rubuta kason kowa. Gonar aka fara tallata wa magada, sannan aka sayar aka sallami sauran.

Kafin kuɗin fansho su shigo Allah ya yi wa Iya rasuwa. Sudusinta ya riga ya zama nata tun ranar da Baba ya cika, don haka ya koma ga nata magadan, Baffa da goggonninmu biyu, Baffa rabi su kuma rubu'i-rubu'i. Sai da aka sake kawo shaidu aka tabbatar da magadanta. Mu ba mu da komai a ciki, domin Baba ya riga ta kuma ga Baffa da rai. Hukuncin da ya hau kan 'ya'yan wanmu shi ne ya hau kanmu, muka ɗanɗani abin da yaron nan ya ji a benci. Baffa da ya karɓi nasa ya yanki wani abu ya ba yaran, bai gaya wa kowa ba, a bakin mahaifiyarsu muka ji. Duk gadon da aka bari ya kwana shekaru haka yake zama, magaji ya rasu, nasa magadan su shigo, har a wayi gari mutum hamsin suna jayayya a kan gida ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Allah bai bar wannan rabo a hannun kowa ba. Adadin raka'o'in salla a Sunna muka same su, amma sumuni da sudusi da rabi Shi da kansa ya ambace su a Littafinsa, ya bi su da cewa waɗannan iyakokin Allah ne. Abin da Ya faɗa ƙarara bai kamata mu riƙa rage murya a kansa ba. Kuma kusan duk inda muka samu sauƙi, wani abu ne da Baba ya yi tun yana raye, duk inda muka sha wuya wani abu ne da ya rage a baki ko a zuci. Mai son ba ɗansa fili ya damƙa masa takardu a gaban shaidu, ya kuma yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Mai jikoki marayu ya je wurin malami ya rubuta musu wasiyya tun yana da lafiya. Wanda sunansa ya saɓa a takardu ya gyara da ƙafarsa, kada ya bar wa 'ya'yansa rantsuwa.

A zaman ƙarshe kowa ya sa hannu ko ya dangwala, aka ba mu takardar hukunci mai hatimi, na nemi kwafi da kotu ta tabbatar ga kowane magaji. Da ita na je Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo don sauya suna a takardar gida da ta fili, wanda shi ma aiki ne mai zaman kansa. Ragowar kuɗin yara biyun da ba a zuba a cikin gidan ba, kotu ta naɗa ni da Umma mu kula da su, aka buɗe wa kowannensu asusu, ba a cirewa sai don makaranta ko asibiti, kuma duk shekara nakan kai wa Baffa takardar banki ya duba. Namijin ya kusa kai munzali. Idan ya kai kuma aka ga hankalinsa, za mu koma gaban alƙali da shaidu kamar yadda aya ta 6 ta yi umarni, a miƙa masa abinsa a rubuta, sannan mu jira lokacin ƙanwarsa.